Shiru-shiru da son keɓewa: ciwo ne ko hali?

Tambaya: Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina son karatu, ina kuma ɗan taɓa rubutu. Tun ina yaro ba na son hayaniya. In na je biki ko na zauna majalisa na awa biyu, sai in dawo a gajiye kamar wanda ya wuni yana huɗa. A gida miskili ake ce mini, wasu na cewa girman kai ne, gwaggota ma ta ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Shin wannan hali matsala ne? Kuma da gaske ne manyan marubuta duk masu gudun mutane ne?

Amsa: Ɗan'uwa, a yadda ka bayyana kanka ban ga ciwo ba, ban kuma ga abin kai wa mai ruƙiyya ba. Amma kafin ka kwantar da hankali, sai mun raba wasu abubuwa da bakin mutane ya saba cakuɗawa. Keɓewa daban, kaɗaici daban. Keɓewa ita ce mutum ya janye jikinsa da son ransa, na wani lokaci, don wani abu da yake son yi. Kaɗaici kuwa raɗaɗi ne na rashin wanda za a buɗe wa ciki, kuma yana kama mutum ko a tsakiyar gidan biki. Akwai kuma na uku, tsoron mutane: wanda yake son shiga jama'a amma gabansa na faɗuwa, tafin hannunsa na gumi, yana jin kowa shi yake kallo. Hanyar gane wanne ne naka ba ta da wuya. In ka yi awa biyu kai kaɗai, duba yadda ka fito. Wanda ya fito da sauƙin rai, har yana jin zai iya hira, keɓewa ya yi. Wanda ya fito da ƙunci fiye da yadda ya shiga, wani abu ne daban ke damunsa, kuma zan dawo kansa.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da sanin irin halinka. Likitan nan na ƙasar Suwizalan, Carl Jung, shi ya yaɗa rabon mutane gida biyu a wani littafinsa na 1921: masu hankalin da ya fi karkata ciki, da masu hankalin da ya fi karkata waje. Daga baya Hans Eysenck a Ingila ya kawo bayanin da har yau ake kafa hujja da shi, cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru tun asali a farke take sosai, don haka ƙara da kiɗa da yawan fuskoki kan yi mata yawa da wuri, alhali ɗan majalisa sai an ƙara masa hayaniya yake jin daidai. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai kusan 500 'yan wata huɗu, ana nuna musu sababbin abubuwa da sauti da ƙamshi. Kimanin ɗaya cikin biyar suka riƙa wutsil-wutsil da kuka sosai, kuma waɗannan ne suka fi tasowa da taka-tsantsan da rashin son kutsawa cikin baƙi. Ba duka ba, domin tarbiyya da muhalli suna lanƙwasa hali. Yawancin mutane ma a tsakiya suke, ba can ba, ba nan ba. Abin lura shi ne gajiyar da kake ji bayan biki gajiya ce ta gaske, ba raini ba ce.

Akwai wani sakamako da bai kamata a ɓoye maka ba. William Fleeson da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa hatta masu shiru-shiru sukan fi jin daɗi a lokutan da suka sake jiki suka yi magana da mutane. Ma'ana kai ma kana buƙatar mutane, gwargwadon ne ya bambanta. Wani kwano biyu ke ƙosar da shi, wani rabin kwano.

Game da batun girman kai, Bahaushe bai taɓa ƙin shiru ba. Shi ya ce magana zarar bunu ce, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya ce shiru ma magana ce. Lokacin da Baturen nan masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya tattara siffofin mutumin kirki a wajen Hausawa, a laccar da aka buga a 1974, abin da ya lissafa shi ne gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu surutu a ciki. Abin da jama'a ba sa yafewa shi ne rashin gaisuwa, da rashin ganin ƙafarka a jana'iza da dubiya. Yawancin waɗanda ake kira miskilai a nan suke tuntuɓe: ba shirunsu ake ƙi ba, haƙƙin da suka bari ya faɗi ake ƙi, sai kuma su ɗauka halinsu ne aka tsana.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. A'a, ba duk manyan marubuta ne masu gudun mutane ba, kuma waɗanda suka shahara da keɓewa, in ka bi tarihinsu a hankali, za ka tarar ba irin keɓewar da ake zato suka yi ba.

Wanda ya fi kowa tsefe wannan mas'ala shi ne Imam Gazali, kuma ya yi magana ne a kan abin da ya ɗanɗana. A 1095 yana kan kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza, a makarantar Nizamiyya, ɗalibai kusan 300 na zama gabansa. Ya yi wata shida yana ja-in-ja da zuciyarsa a kan cewa neman suna ne ke tafiyar da karatun nasa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya daina shiga. Sai ya bar wa iyalinsa abin da zai riƙe su, ya nufi Dimashƙu, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya wuni. Daga nan Baitul Muƙaddas, sannan aikin Hajji, sannan gida. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wannan hali, a cikinsu ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, a 1106 kuma ya koma koyarwa a Naisaburi.

A cikin Ihya ya ware babi guda a kan ladubban keɓewa, kuma adalcin da ya yi a wurin shi ya sa nake ganin duk mai irin halinka ya kamata ya karanta shi. Ya kawo fa'idoji shida na keɓewa: samun sarari don ibada da tunani, kuɓuta daga zunuban zama da mutane kamar gulma da riya da kwasar halin abokan banza, tsira daga fitina da husuma, tsira daga cutarwar mutane, yankewar kwaɗayinka a kansu da nasu a kanka, da hutawa daga zama da masu nauyin hali. Sai ya juya ya kawo bakwai na cuɗanya, wato ya fi da ɗaya: koyo da koyarwa, amfanar da mutane da amfana da su, horar da kai ta hanyar jure musu, ɗebe kewa, samun ladan jana'iza da dubiya da amsa gayyata, tawali'u, da gogewa da rayuwa. Ya ce hukuncin ya danganta da mutumin, da abokan zamansa, da dalilin da ya sa yake son janyewa. Ya kawo maganar magabata cewa ka nemi ilimi tukuna sannan ka keɓe, domin jahilin da ya shige ɗaka ba abin da zai samu sai barci da saƙe-saƙe. Ya kuma yi wani gargaɗi mai zafi: akwai wanda girman kai ne ya zaunar da shi gida, don yana tsoron ba za a girmama shi a taro ba, kuma alamarsa ita ce yana son a ziyarce shi amma ba ya son ya ziyarci kowa. Wannan ma'auni ne mai kyau da za ka ɗora kanka a kai ba tare da son rai ba.

Asalin abin ma a sunna haka yake. A hadisin farkon wahayi, Nana A'isha ta ce an sanya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, son kaɗaita, yakan tafi kogon Hira da guzuri ya yi kwanaki, sannan ya dawo wajen Nana Khadija ya sake guzuri. Akwai tafiya, akwai dawowa. I'itikafi ma kwana goma ne na ƙarshen Ramadan, yana da ranar shiga da ranar fita. Ga kuma hadisin da ya fifita muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya.

Masanin tarihi Ibn Khaldun ya gaji da siyasar fadoji, a 1375 ya koma wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama a Aljeriya ta yau, tare da iyalinsa, ya zauna kusan shekara huɗu. A can ya rubuta Muƙaddima a 1377, cikin wata biyar. Amma abin da ya zuba a ciki, shekara ashirin ya yi yana tara shi a fadojin Fas da Garnada da Bijaya, a cikin mutane da makircinsu, har da zaman kurkuku. Da ya buƙaci littattafan da zai tabbatar da abin da ya rubuta, dole ya bar ganuwar ya koma Tunis. Imam Suyuɗi, wanda wasiƙarsa ta nasiha ta zo har ga sarakunan Katsina da Agadas, ya ƙare rayuwarsa a keɓe a gidansa na tsibirin Rauda a kogin Nilu, bayan ya sha koyarwa da fatawa da jayayya da malaman Alƙahira. A ƙasarmu ma, wajen 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'ar jihadi, ya janye jikinsa ya nufi gabas da niyyar barin komai. A Kano aka tare shi aka roƙi ya koyar, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma gida. Janyewar tasa littafi ta haifar, kuma mutane ne suka jawo littafin daga gare shi.

A Turai misalin da aka fi ambata shi ne Montaigne na Faransa. A 1571, yana ɗan shekara 38, ya ajiye aikin alƙalanci ya koma wani bene mai zagaye a gidan gadonsu, da littattafai kusan dubu. Ya zaci hankalinsa zai kwanta, sai ya ga tunaninsa ya zama kamar dokin da ya tsinke, yana ta haifar masa da shirme. Don ya sa wa dokin linzami ne ya fara rubuta abin da ke zuwa masa, daga nan aka samu salon maƙala da duniya ke yi har yau. Shi ma daga 1581 zuwa 1585 ya fito ya riƙe magajin garin Bordo. Thoreau na Amurka ya gina ɗaki mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 15 a bakin tafkin Walden, ya zauna daga Yuli 1845 zuwa Satumba 1847. Mutane na ɗaukarsa ɗan daji, alhali tsakaninsa da garinsu bai kai mil biyu ba, shi da kansa ya ce kusan kullum ko bayan kwana biyu yakan taka zuwa gari ya ji labarai, kuma kujeru uku ya ajiye a ɗakin saboda baƙi. Emily Dickinson, marubuciyar waƙoƙi 'yar Amurka, ta yi shekarunta na ƙarshe ba ta fita daga gidan mahaifinta, ta bar waƙoƙi kusan 1,800 waɗanda kaɗan ƙwarai aka buga tana raye, amma wasiƙunta da suka rage sun haura dubu. Zumuncinta a alƙalami yake.

Adabin ƙirƙira kuwa ya fi ƙawata zaman kaɗaici fiye da yadda yake. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta labarin Hayyu bn Yaƙzan, yaron da barewa ta shayar a tsibirin da babu kowa, ya kai ga sanin Mahalicci da tunaninsa kaɗai. A 1719 aka buga labarin Robinson Crusoe, wanda ya yi shekara 28 a tsibiri yana noma da kiwo da lissafin kwanaki, hankalinsa garau. To ga na gaske: Alexander Selkirk, matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotilan da aka bari shi kaɗai a wani tsibiri da ke yamma da Chile daga 1704 zuwa 1709. Kyaftin ɗin da ya ɗauko shi ya rubuta cewa da ƙyar suke gane maganarsa, kalmomi rabi-rabi yake furtawa saboda rashin amfani da harshe. Shekara huɗu da wata huɗu kacal ke nan.

Keɓewar dole kuma azaba ce, ko da an samu rubutu a cikinta. An tsare Wole Soyinka daga 1967 zuwa 1969, mafi yawan lokacin shi kaɗai a kurkukun Kaduna, yana rubutu a ɓoye a tsakanin layukan littattafai da kan 'yan takardun da ya samu, kuma abin da ya bayyana daga baya yaƙi ne na hana hankali gushewa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kan kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun ce kulle mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata mu'amala ta kirki ba shi ne tsarewar kaɗaici, sun kuma haramta ta wuce kwana 15 a jere. Wani nazari na 2010 da Julianne Holt-Lunstad ta jagoranta ya haɗa bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, ya gano masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. Bahaushe da ya ce mutum rahama ne bai yi kuskure ba.

To mene ne keɓewa ke bayarwa da taro ba ya bayarwa? Gyaran kuskure a natse. Tsangaya ta san wannan tun da daɗewa. Gardin da yake son harda ta zauna yakan bar cikin gari ya tafi kiskadi, ya kafa 'yar bukka a bayan gari, daga shi sai allo da tawada da buta. A cikin tilawar taro murya na ɓuya a cikin muryoyi, inda ka yi tuntuɓe sai na kusa ya ja ka ku wuce, ba ka ma san ka faɗi ba. A kiskadi babu mai ja. Ayar da ta kakare sai ka maimaita ta sau talatin, sau hamsin, har ta miƙe. Amma da yamma ko bayan kwanaki zai dawo gaban alaramma ya biya, a gyara masa. Masanin halayyar ɗan'adam Anders Ericsson ya tarar da daidai wannan a 1993 a wata makarantar kiɗa ta Balin da ke Jamus: ɗaliban goge irin na Turawa da suka fi ƙwarewa, abin da ya raba su da na ƙasa shi ne yawan atisayen da suke yi su kaɗai, kimanin awa uku da rabi a rana, a yanka-yanka da ba su cika wuce minti 90 ba, da hutu a tsakani.

Ga yadda za ka tsara naka. Fara da minti 15 a rana, a lokaci guda tsayayye. Mafi kyau tsakanin sallar asuba da fitowar rana, kafin gida ya tashi, lokacin da ba wanda zai ce ka guje shi. Kada ka raina minti 15. Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya bayar da rahoto a 2014 cewa da aka bar mutane a ɗaki na kimanin wannan lokaci, babu waya babu littafi, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su danna maɓallin da zai ja su da lantarki a kan su zauna da tunaninsu. Zama da kai abu ne da ake koyo. A makon farko za ka ji ƙaiƙayin tashi, hannunka na laluben waya. Wannan ba alamar gazawa ba ce. Wani binciken da Thuy-vy Nguyen da abokan aikinta suka buga a 2018 ya nuna minti 15 na zama kai kaɗai ba tare da na'ura ba yana sauke zafin rai, na fushi da na ɗoki duka, kuma natsuwar ta fi samuwa in mutum da kansa ya zaɓi zaman da abin da zai yi tunani a kai.

Saboda haka yanke abin da za ka yi tun kafin ka zauna, abu ɗaya tak: shafi goma na littafi, ko sakin layi biyu na rubutu, ko tambaya guda da kake son warwarewa. Waya ta kwana a wani ɗaki, ko a ba ƙanenka ya riƙe. Wanda ya rufe ƙofa yana bin WhatsApp da TikTok bai keɓe ba, majalisa ya shigo da ita ɗaki, majalisar da ba ta tashi kuma ba ta san shi ba. Ajiye littafin rubutu da biro a gefe, duk abin da ya faɗo maka na aike ko bashi ko alƙawari ka rubuta shi a layi ɗaya ka ci gaba, in ba haka ba zai yi ta dawowa. A zaune za ka yi, ba a kwance ba. Duk mako ƙara minti 10 zuwa 15 har ka kai awa ɗaya ko ɗaya da rabi a zama guda. In aikin rubutu ne mai nauyi, zama biyu ko uku a rana ya isa. Abin da ya haura awa huɗu yawanci ba aiki ba ne, ɓuya ce.

Babban abin da ke lalata keɓewa shi ne saƙe-saƙe, wato tunani ya riƙa zagaye wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ana gane shi da irin tambayar da yake yi. Tunani mai amfani yana tambayar me zan yi, ta yaya, yaushe. Saƙe-saƙe kuwa tambayarsa me ya sa ni, me ya sa ta faɗa mini haka, me suke cewa a kaina. In ka lura ka yi minti 10 a kan abu ɗaya ba ka samu ko mataki guda da za ka iya rubutawa ba, tashi. Yi alwala, share ɗaki, taka zuwa bakin titi ka dawo. Kuma kada ka mai da tsakar dare lokacin tunanin matsaloli, domin gajiya tana kumbura ƙaramin abu. Kuskure na biyu shi ne rashin alaramma. Mai rubutun da ba ya nuna wa kowa yakan ɗauki kansa ko dai gwani ko dai banza, duka biyun kuma ba daidai ba. Samu mutum ɗaya mai gaskiya, ka riƙa kai masa abin da ka yi duk mako ko mako biyu.

Na san za ka iya cewa ina ɗakin yake, a gidan da mutum huɗu ke kwana a shago ɗaya. Marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta ce a 1929 mace mai son rubutu tana buƙatar fam 500 a shekara da ɗaki mai makulli, kuma tana da gaskiya cewa talauci da cunkoso sun binne baiwa mai yawa, musamman ta mata, waɗanda ko a ƙuryar ɗaki ba a barinsu minti biyar ba a kira ba. Sai dai Jane Austen, ita ma marubuciyar Ingila, a falon gidansu ta yi rubutu, a kan ɗan ƙaramin tebur, mutane na shiga da fita. Likitan yara Donald Winnicott ya yi bayani a 1958 cewa yaro yana koyon zama shi kaɗai ne a gaban uwarsa: tana tsinkar zogale, yana wasa da murfin kwano, ba mai yi wa wani magana, kowa ya san ɗan'uwansa na nan. Babba ma yana iya wannan. Masallaci tsakanin azahar da la'asar, ɗakin karatu na makaranta, inuwar darbejiya a bayan layi, soro da hantsi bayan kowa ya fita, tafiyar ƙafa ta minti 30, duk wuraren keɓewa ne.

Sauran aikin shi ne mutanen gida. Sanar kafin ka shige, domin ƙofar da aka rufe ba bayani ita ake fassarawa da fushi. Ka ce, "Umma, zan shiga in yi karatu zuwa la'asar, in akwai aike a ba ni yanzu." In la'asar ta yi ka fito da gaske, ka zauna tsakar gida ko na minti 20 ne. Gaisuwa ka cika ta, da tambayar gida da aiki da jiki, ba ɗaga hannu daga nesa ba. Jana'iza da ta'aziyya da dubiya kada ka bari su wuce ka, kuma su ne ma suka fi dacewa da halinka, tunda ba a son surutu a cikinsu. Biki kuwa je da wuri kafin a kunna kiɗa, gai da masu gida su gan ka, nemi aiki: jera kujeru, raba ruwa, kai baƙi masauki. Mai aiki a hannu ba a tambayarsa me ya sa ya yi shiru. Bayan minti 45 ko awa guda ka yi sallama ka tafi, kada ka sulale. Majalisa sau biyu a mako tsakanin magariba da isha'i ta wadatar, kiran salla ne zai tashe ka ba tare da kowa ya ji haushi ba.

Akwai alamomin da in ka gan su, maganar ta tashi daga hali ta koma ta asibiti. In janyewar sabuwa ce, mutum mai fara'a ya rikiɗe cikin 'yan watanni. In karatun da rubutun da kake so su ma sun fita daga ranka, barci ko cin abinci ya rikice, kana jin ba ka da amfani, kuma hakan ya kai mako biyu kusan kullum: wannan siffar ciwon damuwa ce, ana kuma warkewa da magani da zaman shawara. In matashi ya daina wanka, yana magana shi kaɗai, yana jin muryoyi ko zargin ana bin sa, ko ana zaton ƙwaya, a kai shi da wuri, domin jinkiri na ƙara wahalar magani. In tunanin kashe kai ya zo, a faɗa wa wani a ranar, a je asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Addu'a ba ta hana ganin likita. Kai dai ka ce tun kana yaro haka kake, kuma har yanzu kana jin daɗin littafi, wannan ya sa ban sa ka a wannan layi ba.

Gwaggo kuma tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, domin a taro kaɗai take ganinka, inda ka fi zama a takure. Je gidanta ranar da babu kowa, kamar Juma'a bayan la'asar, da ɗan goro ko sabulu a hannu. Zauna a tabarma kusa da ita, tambaye ta labarin kakanku da yadda aka yi suka zo unguwar, ka bar ta ta yi magana. Hirar mutum biyu ita ce inda masu irin halinka suka fi ƙarfi, kuma rabin awa ya isa. Bayan mako uku ka sake komawa.